Yadda A Ke Zaɓen Injin Zarto Mai Tebur

Bencin da yara ke zama bisansa a makaranta, da teburin malam, da ƙyauren aji, da taga, dukkansu da katako aka yi su. Katakon nan kuwa bai zo daga daji a yanke daidai ba. Sai da wani ya sare itace, wani ya tsaga shi falanki falanki, sa'an nan kafinta ya auna, ya yanke gwargwadon abin da ya ke so. Saboda haka zarto shi ne farkon kayan aikin kafinta. In yanka ya karkace, duk aikin da ya biyo baya sai ya karkace.

A da can da hannu a ke tsaga gungume. A kan haƙa rami, a gicciya gungumen bisa bakinsa, mutum ɗaya ya hau sama, ɗaya ya shiga ramin, su riƙa jan wani dogon zarto, wannan ya ja sama, wancan ya ja ƙasa. Na cikin rami shi ke shan wahala, gama dusar katako duk a kansa ta ke zuba. Su kan yini suna ja, falankin da za su fitar bai taka kara ya karya ba.

Daga baya masu hikima suka ga in an yi zarto kewayayye kamar faifai, aka sa shi yana juyawa, ba sai an yi ta kai da komowa ba. Tun shekarar 1777 akwai maganar irin wannan zarto cikin takardar shaidar ƙirƙira da hukumar Ingila ta ba wani mutumin Southampton mai suna Samuel Miller. Da farko iska da ruwa ke juya shi, sa'an nan tururi, daga ƙarshe lantarki. Da lantarki ya shiga gidaje sai aka fara ƙera ƙananan injuna waɗanda mutum ɗaya zai iya ajiyewa a gidansa. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi suna wajen wannan shi ne Delta, wanda Herbert Tautz ya kafa a birnin Milwaukee na Amurka cikin 1919.

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai mutane da yawa waɗanda kafinta ba ita ce sana'arsu ba, amma suna son aikin katako. Wani malamin makaranta ne, wani akawu ne, wani likita. Su kan ware garejin mota ko wani ɗaki na ƙarƙashin gida su mai da shi wurin aiki, ran hutu su yi ta ƙera kujeru da akwatuna. A garuruwanmu kuma akwai kafintoci masu rumfa a ƙofar gida ko a zaure, waɗanda da wannan aiki su ke ci da iyalinsu. Da wancan da wannan, in sun tashi sayen inji, mafi yawa injin zarto mai tebur su kan fara nema, domin shi ke ɗauke mafi nauyin aiki. Zaɓensa kuwa ba abin gaggawa ba ne. Kuɗinsa na da yawa, ya kan yi shekaru tare da mai shi, in kuma an yi mugun zaɓi yana iya raba mutum da yatsunsa.

SIFFAR INJIN

Injin nan tebur ne na ƙarfe, mai siririyar tsaga a tsakiya. Ta cikin tsagar nan faifan zarto ke leƙowa sama. A ƙarƙashin teburin akwai ƙaramin injin lantarki da ke juya faifan, wanda masu sana'a ke kira moto. Akwai hannu biyu da a ke murɗawa. Ɗaya yana ɗaga faifan ko ya saukar da shi, ɗayan kuma yana kwantar da shi gefe don yankan kwana. A bisa teburin akwai wata miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe wadda katako ke jingina da ita sa'ad da a ke tura shi. Ita ce majingina. In an matsar da ita nesa da faifai, falanki ya fito da faɗi, in an matso da ita kusa, ya fito siriri.

Bambancinsa da zarton hannu a fili ya ke. Da zarton hannu katako na kwance, zarto ke tafiya. Da wannan inji kuwa zarto na wuri ɗaya, katako a ke turawa ya same shi. Watau hannun mai aiki kullum wajen haƙoran ya ke nufa.

Faifan da aka fi amfani da shi faɗinsa inci 10 ne, yana iya yanka katako mai kauri kamar inci 3. Ya kan juya kamar sau 4,000 a minti ɗaya. Ga ɗan lissafi. In faifai na da haƙora 40, ya juya sau 4,000, haƙora 160,000 ke nan suka wuce cikin minti guda, watau fiye da 2,600 a sakan ɗaya. Mutum kuwa in abu ya taɓa shi, ya kan ɗauki kamar rubu'in sakan kafin ya janye hannu. Cikin wannan ɗan lokaci haƙora fiye da 600 sun wuce. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kansa ya san ba a tsere da injin nan.

TAMBAYA TA FARI: WANE AIKI ZA A YI?

Mai hankali kafin ya tafi kasuwa ya kan zauna ya tambayi kansa irin aikin da zai yi da injin, gama injunan iri iri ne, kowane da aikin da ya dace da shi.

Akwai ƙarami, wanda mutum ɗaya ko biyu ke iya ɗauka su sa a mota. Teburinsa na alminiyom ne, motonsa ƙarami ne mai yawan ƙara. Ya dace da mai zuwa wuraren gini yana sa ƙofofi da tagogi, ko mai ƙera 'yan ƙananan abubuwa jefi jefi. Ya fi sauran araha. Amma da ya ke ba shi da nauyi, ya kan yi rawa in an ɗora masa babban katako, kuma in an tilasta shi yini guda yana tsaga itace mai tauri sai ya yi zafi ya gaji.

Akwai matsakaici, mai tebur na baƙin ƙarfen zubi, wanda ke tsaye bisa ƙafafunsa. Motonsa da bel ya ke juya faifai, ƙarfinsa kamar na doki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba shi da ƙara kamar ƙaramin, ya kuma fi shi daɗewa. Shi ya fi dacewa da yawancin masu aiki a gida.

Akwai kuma babba, wanda aka rufe ƙarƙashinsa ruf kamar akwati. Ƙarfinsa na doki 3 ne zuwa 5, nauyinsa ya kan wuce kilo 200. In an girke shi wuri ɗaya ba a yawan ɗaga shi. Wannan na mai aiki safe da yamma ne, wanda ke da yara masu koyo da masu jiran kaya. Masu yawan yanka manyan fallayen filawud su kan so wani iri mai tebur a gefe da ke zamewa gaba da baya. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Altendorf ya ƙago shi cikin 1906.

Ƙarfin doki da aka ambata awo ne, kamar yadda mudu ya ke awon hatsi. Ƙarfin doki ɗaya daidai ya ke da wat 746 na lantarki. Abin da ke nuna yawan ƙarfin da mutum ke bukata shi ne irin itacen da zai yanka. Obece da afara suna da laushi, ƙaramin inji ma ya ishe su. Maɗaci da iroko sun fi tauri. Kirya kuwa, wadda a ke sassaƙa turmi da ita, taurinta ya kai inda ya kai. In aka tura itace mai tauri cikin inji marar ƙarfi, sai faifan ya rage gudu, gefen katakon ya ƙone ya yi baƙi, moto ya yi zafi. Haka kuma wanda 'yan ƙananan akwatuna kaɗai ya ke yi, in ya sayi babban inji ya binne kuɗinsa a banza. Daidai ruwa, daidai tsaki.

TAMBAYA TA BIYU: INA ZA A AJIYE SHI?

Wuri shi ne abin da masu saye su kan manta. Su kan auna injin kaɗai, su ga zai shiga ɗaki, su yi murna. Amma katakon da za a tura shi ma yana son wuri. Fallen filawud faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. In za a tsaga shi a tsaye, sai an sami ƙafa 8 a gaban faifai inda zai fara, da ƙafa 8 a baya inda zai fita, ga kuma wurin tsayuwar mai aiki. Ke nan ɗakin da tsawonsa bai kusa ƙafa 20 ba ya yi kaɗan, sai dai a riƙa fitar da injin waje. Mai ƙaramin wuri ya kan nemi inji mai taya a ƙafa, wanda za a gangara da shi tsakar gida in za a yi aiki, a mai da shi lungu in an gama.

Sai a duba kuma iyakar inda majingina ke matsawa. Rabin ƙafa 4 inci 24 ne. Saboda haka injin da majinginarsa ba ta kai nisan inci 24 daga faifai ba, ba zai raba fallen filawud biyu daidai ba.

Bayan wuri sai wuta. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar da Gana kuwa tsakanin 220 da 240 ce. Injuna na hannu da a ke kawowa daga ƙetare, wasu don wutar Amurka aka yi su. In aka jona irin wannan kai tsaye a wutarmu sai ya ƙone nan take. Kowane moto yana da 'yar farantin ƙarfe a jikinsa inda aka rubuta irin wutar da ya ke sha. Wajibi ne a karanta ta kafin a biya kuɗi. Wasu manyan injuna ma ba su tashi sai da wuta mai layi uku, irin ta masana'antu, wadda yawancin gidaje ba su da ita. Mai dogara da janareta kuma ya sani moto ya kan zuƙi wuta ninkin ba ninkin a lokacin tashi, fiye da yadda ya ke sha in ya kama gudu. Janaretan da ke kunna fitila da fanka ba lalle ya iya ta da shi ba.

TAMBAYA TA UKU: YANA YANKA DAIDAI?

Fenti mai ƙyalli ba ya yanka katako. Abu biyu ke sa yanka ya miƙe, tebur da majingina. Tebur ya kasance shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. A kan gane haka da ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisansa, a sunkuya a duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Majingina kuma in an ɗaure ta, kada ta motsa ko da an tura ta da hannu. Sa'an nan a auna nisanta daga gaban faifai, a auna daga bayansa. In awon biyu bai zo ɗaya ba, katako zai matse tsakaninta da faifai, wannan kuwa shi ne mafarin hatsari.

Shi faifan ma zaɓensa a ke yi. Mai haƙora 24, manya manya, na tsaga katako ne a tsaye, watau bin tsawon itace. Yana da sauri, amma yankansa da kaushi. Mai haƙora 60 zuwa 80 na yankan gicciye ne da filawud, yana barin baki sumul. Mai 40 ko 50 yana taɓa kowanne. Faifai mai kyau a kan liƙa wa bakin haƙoransa wani ƙarfe mai tsananin tauri, wanda ke daɗewa bai dakushe ba. Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura. Ramin da ke tsakiyar faifai ba ɗaya ba ne ko'ina. Na injunan Amurka yawanci kashi 5 cikin 8 na inci ne, na Turai kuwa yawanci milimita 30. Wanda ya sayi injin da ba a samun faifansa a kasuwar garinsu, ran da faifan ya lalace aiki ya tsaya.

Kowane yanka yana cin katako kamar kashi 1 cikin 8 na inci, ya mai da shi dusa. Yanka takwas ke nan sun cinye inci guda. Kafintan da ya iya lissafi ya kan sa wannan cikin awonsa tun kafin ya sayo katako.

TAMBAYA TA HUƊU: ZAI BAR WA MUTUM YATSUNSA?

Wannan ita ce babbar tambaya. Hukumar da ke lura da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta ƙiyasta cewa a ƙasar kaɗai, mutane fiye da 30,000 ke zuwa asibiti kowace shekara saboda raunin injin zarto mai tebur, wasu dubbai daga cikinsu kuwa sun rasa yatsa ko yatsu. Da yawansu ba sababbin hannu ba ne, mutane ne da suka daɗe suna aikin har suka saki jiki.

Hatsarin iri biyu ne. Na farko hannu ya taɓa faifai. Na biyu shi ne harbi. Haƙoran gaban faifai ƙasa su ke yi, suna danne katako bisa tebur. Na baya kuwa sama su ke tasowa. In katakon da aka tsaga ya murɗe, ko tsagar ta haɗe ta matse bayan faifai, sai haƙoran baya su ɗauke shi su wurgo shi wajen mai aiki kamar harbin jaki. Gudun bakin faifai ya fi mil 100 a sa'a. Katakon na iya bugun mutum a ciki ko a fuska, yana kuma iya fizgar hannunsa ya kai shi bisa haƙora.

Saboda haka akwai abu huɗu da ba a sayen inji sai da su. Na ɗaya, wuƙar baya. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne marar kaifi da ke tsaye daf da bayan faifai, yana shiga cikin tsagar ya hana ta haɗewa. Mafi kyau ita ce wadda ke hawa da sauka tare da faifai. Na biyu, murfin da ke rufe haƙora daga sama, wanda a ke ganin aiki ta cikinsa. Na uku, makunni mai babban jan maɓalli na kashewa, a inda hannu ko gwiwa za su same shi ba tare da an duba ba. Makunni mafi kyau shi ne wanda in an ɗauke wuta ya kan kashe kansa, ba ya tashi kuma sai an sake danna shi. A ƙasar da a ke yawan ɗauke wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa wuta ta kan tafi a tsakiyar aiki, mai aiki ya manta bai kashe inji ba, ya sa hannu yana share dusa, sai wuta ta dawo ba sallama. Na huɗu, sandar turi, wadda a ke tura katako da ita in ya kusa ƙarewa, don hannu ya tsaya nesa da haƙora. Wannan kafinta na iya yin ta da kansa da guntun katako.

Cikin 1999 wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙago wata dabara. Ya sa 'yar wutar lantarki kaɗan, wadda ba ta cutarwa, tana gudana a jikin faifai. Busasshen katako ba ya jan wuta, jikin mutum kuwa yana ja. Da zarar fata ta taɓa haƙori sai injin ya ji wutar ta canja, ya cilla wani dunƙulen alminiyom cikin haƙoran. Faifan ya tsaya cik, ya nutse ƙarƙashin tebur, duk cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na sakan ba. Maimakon yatsa ya fita, yawanci sai a sami ɗan ƙwarzane. An fara sayar da irin wannan inji cikin 2004 da sunan SawStop. Yana da tsada, kuma duk sa'ad da birkin ya kama sai an sake sabon birki, galibi har da faifai. Ɗanyen katako mai ruwa ma yana iya sa shi ya kama. Duk da haka a kan sami sabon faifai a kanti, yatsa kuwa ba a sayar da shi ko'ina.

Dusa ma abin tsoro ce, ko da ya ke cutarta a hankali ta ke zuwa. Tun 1995 masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman a hanci. Ƙurar iroko kuma tana sa wa wasu asma. Inji mai kyau yana da bututu a ƙasa inda a ke jona abin zuƙe dusa. In babu, sai a yi aiki inda iska ke shiga, a rufe hanci da baki.

SABO KO NA HANNU?

Ba kowa ke da kuɗin sabo ba, kuma tsohon inji mai nauyi da aka riƙe da kyau ya kan fi sabo marar ƙwari. Amma gani ya kori ji. Mai sayen na hannu ya tafi da wanda ya san inji. Da farko a zare waya daga wuta, a kama faifai a girgiza shi gefe da gefe. In yana motsi, boris ya ci. A murɗa hannuwan nan biyu a ga ko suna tafiya sumul. A duba tebur ko ya tsage. Sa'an nan a kunna a saurara, a kuma tsaga katako a gani. Masu aikin katako a Amurka suna da wani gwaji. Su kan tsai da kuɗin ƙarfe bisa gefensa a kan teburin, inji na gudu. In kuɗin bai faɗi ba, injin ba ya rawa. Daga ƙarshe a tambaya ko a na samun bel da boris da faifansa a kusa.

Akwai wani iri da a kan haɗa a gida. A sami moto, a ɗaura masa faifai, a kafa ƙarƙashin teburin katako, ba murfi, ba wuƙar baya, wani lokaci ma majinginar guntun katako ce da aka buga da ƙusa. Yana da araha ƙwarai, yana kuma yanka. Amma duk abubuwan nan huɗu da ke tsare hannu babu ko ɗaya a jikinsa. Araha ba ta ado. Kuɗin da aka rage wajen saye, a kan biya ninkinsa a asibiti, ga kuma watannin da za a yi ba aiki.

Wanda kuɗinsa bai kai na inji mai kyau ba, yana da wata hanya. A manyan kasuwannin katako, kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, akwai masu manyan injuna da ke tsaga wa mutane katako a biya su lada. Kafinta na iya kai awonsa a tsaga masa, ya komo gida ya ƙarasa da zarton hannu, yana tara kuɗi sannu a hankali har ya isa sayen na kirki. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

BAYAN AN KAWO SHI GIDA

Inji mai kyau ma sai da ladabi a ke zama da shi. Mai aiki ba ya sa babbar riga ko riga mai faɗin hannu, ba ya barin rawani ko carbi na lilo, ba ya sa safar hannu, gama haƙori in ya kama zare sai ya ja har da naman. Yana sa tabarau na tsare ido, yana toshe kunne saboda ƙara. Yana ɗaga faifai ya ɗara kaurin katako kaɗan kawai. Ba ya tsayawa daidai saitin faifai, sai ɗan gefe, don in katako ya yi harbi ya wuce shi. Ba ya tura katako da ka, ba tare da majingina ko abin riƙewa ba. Ba ya miƙa hannu ta bisa faifai don ɗauko guntu, sai ya kashe ya jira ya tsaya. Ba ya sake faifai sai ya zare waya. Yana duba tsohon katako ko akwai ƙusa a ciki. In ya gaji ko ransa a ɓace ya ke, ya bar aikin sai wani lokaci.

Yara kuma suna da nasu rabo cikin wannan ladabi. Injin zarto ba abin wasa ba ne, ko yana gudu ko yana tsaye. Yaro ba ya taɓa makunninsa, ba ya tsayawa a bayan mai aiki, ba ya ɗiban dusa ko guntaye a ƙarƙashinsa. In an aiko shi wurin kafinta ya tarar inji na gudu, sai ya tsaya daga nesa inda za a gan shi, ya jira a kashe, sa'an nan ya yi sallama ya faɗi saƙonsa. Kiran mutum ba zato yana cikin yanka na iya sa ya waiwaya, waiwaye ɗaya kuwa ya isa. Mai inji shi ma in ya tashi aiki sai ya saukar da faifai ƙarƙashin tebur, ya zare waya, ya kulle ɗaki.

Yaron da ke sha'awar wannan sana'a ya fara da koyon awo da lissafi, ya iya zarton hannu, ya zauna ƙarƙashin gwani shekara da shekaru. In ya girma har ya tashi sayen nasa inji, ya tuna da tambayoyin nan huɗu: aikin da zai yi, wurin da zai ajiye shi da wutar da ke wurin, miƙewar yanka, da tsaron hannu. Kafintan da ya tsufa da yatsunsa goma cif, shi ne wanda ya iya zaɓe, ya kuma iya haƙuri.

TAMBAYOYI

1. Yaya a ke tsaga gungume kafin a sami inji?
2. Mene ne bambancin zarton hannu da injin zarto mai tebur?
3. In faifai na da haƙora 24, yana juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, haƙora nawa ke wucewa a minti?
4. Don me a ke karanta farantin da ke jikin moto kafin a saya?
5. Mene ne amfanin wuƙar baya?
6. Kafinta ya yi yanka 16 a jikin falanki ɗaya. Inci nawa ya zama dusa?
7. Me ya kamata yaro ya yi in an aike shi wurin kafinta ya tarar inji na gudu?